Hannun Yayata a Kejin Sauro

A gidanmu Uwar Sauro muke kiran yayata, ita kuwa ko a jikinta. A waje take da girma. Masu binciken garkuwar jiki da zazzaɓin cizon sauro, a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, da aikinta suke kafa hujja. Mu dai abin da muka sani, mace ce mai hannu duk tabo, tana kiwon abin da kowa ke kashewa.

Na taɓa raka ta ɗakin kiwon. Ga zafi ga danshi, ga kejina jere, kowanne da hannun riga na yadi ɗinke a bakinsa. Sauron da aka kamo daga daji ba ya yarda ya sha jini a roba, sai a jikin mutum. Shi ya sa take naɗe riga ta zura hannu, tana karatu da ɗayan, har su ƙoshi. Na ce, "Yaya, ko uwar da ta haife su ba za ta yi musu haka ba." Ta yi dariya, ta faɗa min dokar ɗakin: keji mai farin yadi lafiya lau, mai jan yadi kuwa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ba ta jin maganin da aka saba.

Shekarar da Allah ya ba ta ciki, bayan dogon jira har dangin miji sun gaji da tambaya, a ita ce aka haɗa yadukan aka jiƙa a ruwan bilic. Jan ya koɗe ya koma kamar fari mai datti. Ita kuma hannunta ya saba, ba ya jiran ido.

Da rana tsaka ta shigo min shago, ta zauna a kan buhu ba sallama. Hannun nan ya yi rudu-rudu.

"Ƙanwata, na shayar da kejin da bai kamata ba."

Na rufe shago na raka ta asibiti. Likitanta ya ce maganin da zai kashe wannan ƙwaya yana iya taɓa cikin, tunda ƙarami ne. Ba za a ba ta ba sai an ga cutar a jini. Wato mu zauna mu jira, ko ta zo ko ba ta zo ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Kullum da safe a ɗebi jininta a duba. In ta yi hamma in taɓa goshinta, in ta ja mayafi in tambaye ta ko sanyi take ji. Abin haushi, ta sa abokan aikinta su riƙa adana jinin, wai da wuya a sami wanda aka san ranar da cutar ta shige shi. Na ce, "Yaya, ɗanki ne a ciki, ba gwaji ba." Sai na ga ta dafe mararta ta ƙi saki. Ashe ta fi ni tsoro, don ita ta san abin da ke tafe.

Zazzaɓin ya zo kuwa, haƙoranta na haɗuwa. Aka ba ta maganin, muka koma jiran wani abin: motsin ciki. Ranar da ya motsa, ni na fi ta kuka. Yarinyar ta zo 'yar mitsitsiya, amma da ranta.

Daga jinin nan ta yi rubutun da ya fi ɗaukaka sunanta. Kejin cuta kuma yanzu kwaɗo ake sa masa, an daina dogara da launi.

Bara muka kai yarinyar wurin aikin uwarta. Ta ga farin keji, ta naɗe riga yadda take ganin uwarta na yi a hoto, ta miƙa hannu. Yayata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta fizgo ta da ƙarfi har yatsunta suka fito a damtsen.

"Mama, ai fari ne," in ji yarinyar tana kuka.

Yaya ta rungume ta ƙam, ta ce, "Ni ma fari na gani."