Wasiyyar Baba da Hoton Mai Ƙasa

Wasiyya ɗaya tak Baba ya bar mini, kuma da gona ya bari a raba tsakanin 'yan uba goma da abin ya fi zo mini da sauƙi. Kwana biyu kafin ya cika ya nuna mini akwatin ƙarfen da ke saman kabad, ya ce, "Abin da ke ciki ya lalace, ba ya karantuwa. Ka ƙone shi da hannunka a wuri mai tsarki, ka binne tokar. Kada wata rana a ƙunshe gyaɗa da shi a kasuwar Asigame."

Fataucin goro ne sana'arsa, amma da ƙuruciya ya zauna ya rubuce Alƙur'ani da hannunsa, takarda-takarda, shi ne a akwatin. Ƙona tsohon Alƙur'ani kuwa a wurinmu girmamawa ce, kowa ya sani. A shekarar ana ta raɗe-raɗin za a tashi unguwarmu ta Zongo a kai mu bayan gari, don haka tsoron Baba yana kan hanya. Na ce to. Ni lokacin tafireta nake bugawa a wani ofis, da aikin muke ci ni da Mma, mahaifiyata. Makarantar Faransanci na yi, Larabcina bai wuce surorin salla ba.

Bayan sadakar arba'in, wata Lahadi da hantsi, na yi alwala, na share gefen tsakar gida, na ajiye sabon kasko da ashana. Ina buɗe akwatin sai ga hoton Mai Ƙasa, shugaban ƙasarmu, yana kallona, da hular soja da murmushi.

Laifina ne, ba na kowa ba. Raɓar teku a Lome ba ta barin takarda ta tsufa da mutunci, shi ya sa Baba yakan sa ni in kwaso masa tsofaffin jaridu daga ofis, yana tsarma su tsakanin takardun don su tsotse danshi. Jarida ɗaya ce a ƙasar, kuma ban taɓa ganin ranar da ta fito babu hoton mutumin nan a shafin farko ba. Da damina rufin ɗakin ya yi yoyo, komai ya manne ya zama curi guda, kamar daddawa. Aya a sama, fuska a ƙasa, aya, fuska, har gindin akwati. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Ina tsugune ina jujjuya curin sai ga maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya yi sallama. Abokin Baba ne, Kawu nake ce masa, kuma shi ne wakilin jam'iyya a layinmu. In a kan zumunci ya zo yakan ce mini "ɗana", in a kan aikin jam'iyya ne sai in zama "kamarad". Ya dubi kasko, ya dubi ashana, ya dubi fuskar.

"Kamarad," in ji shi, "ajiye ashanan nan."

Na gaya masa wasiyyar. Ya saurara har da share ƙwalla, sannan ya ce, "Bon. Alƙur'anin ka ƙone, babu mai hana ka, ƙasar nan akwai 'yancin addini. Amma foton nan, ko kunnensa ya babbake, komisariya za ka kwana a hannun 'yan sanda, kuma ba kai kaɗai ba. Ni da na gani ban faɗa ba, wani zai faɗa cewa na gani."

"Kawu, ai manne suke."

"Sai ka ƙone ɗaya ka bar ɗaya."

Ban taɓa jin sha'awar marin dattijo ba sai ran nan. Amma gaskiyarsa ce. Duk mun san wani tela da aka tafi da shi saboda ya yanka patron, wato samfurin riga, a jikin jarida almakashi ya bi ta wuyan hoton, ya dawo bayan watanni ba ya son a yi masa maganar ɗinki.

Muka aika aka kira liman. Ya zo ya zauna a kan buzu, ya ce hanya uku ce malamai suka yarda da ita: a ƙone, a binne, ko a sa a ruwa mai gudu. Na ce to mu binne. Kawu ya dafe kai.

"Ku binne mutum yana raye? Da rubutun Larabci a manne a goshinsa? Allah gafarta Malam, ko ni aka ba labari cewa zan yi asiri ne."

"To teku," in ji liman.

"Teku kuma? A ce 'yan Zongo sun haɗa baki da bokayen unguwar Be sun miƙa shi ga dodon ruwa?"

Liman ya ce ai Allah niyya yake dubawa. Wanda ya ƙona littafi don wulaƙanci da wanda ya ƙona don girmamawa, wutarsu ɗaya ce, tokarsu ɗaya ce, Mai sama ne kaɗai ya san bambancin. Kawu ya ce haka ne, amma jandarma ba su da wannan ilimin, su toka suke dubawa. Raina ya ɓaci na ce, "To tsakanin maganar Allah da hoton nan, wanne ya fi?" Sai tari ya sarƙe liman, Kawu kuwa ya miƙe ya leƙa ƙofar gida ya dawo. Aka shawarce ni in rage murya.

Yanzu in na ji ana musu a rediyo kan masu ƙona littattafan addini, ko a ɗaure su ko a ƙyale su, nakan tuna ranar nan. Ni dai na zauna a ƙasar da aka ba ni cikakken 'yancin ƙona Alƙur'anin ubana, da sharaɗin kada hayaƙin ya taɓa hular wani.

Kwana huɗu ina dawowa daga ofis in zauna da reza ina ɓanɓara. In na ceto aya sai ta taho da rabin kunci, in na ceto kunci sai ya tafi da rabin aya. Kowace ɓarna na yi, zunubi ne a wani ofishin, ko na sama ko na ƙasa. Kawu kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyar Mma, idonsa a kan kasko. Gaba kura, baya sayaki. Na fara jin haushin Baba, sannan na ji kunyar jin haushin, don ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba.

Mma tana takaba, duk abin nan tana jinmu daga ɗaki. Ranar Asabar ta fito da mayafinta ta tsaya a kaina.

"Kai wannan," ta ce, don ba ta kiran sunana, "ɗauko mini babban baho, ka cika shi da ruwa, ka kira malaman naka."

Da suka hallara ta ce, "Tawadar nan ni nake dafa masa ita, ƙaro ne da baƙin tukunya. Ruwa yana wanke ta kamar ta allo. Ta jarida kuwa, shekara nawa ina ƙunshe kifi da ita ban ga ta zuba ba. A jiƙa. Rubutu ya sauka a sha, mai hula ya fita da hularsa, farar takarda a ƙone."

Liman ya ce wallahi wannan ma ya fi, kuma dama yana shirin faɗa. Kawu ya yi ta juya maganar yana neman inda laifi yake, bai samu ba. Iyakar abin da ya roƙa kada a ce an jiƙa Mai Ƙasa, a ce an yi masa wanka.

Haka aka yi. Mma ta yi bisimilla ta sa curin a ruwa. Da ya yi laushi ta riƙa ɗaga takardun ɗaya-ɗaya da tafin hannu, ni ina karɓar na Baba, Kawu yana karɓar na Mai Ƙasa da hannu biyu yana shanyawa a igiyar da muke shanya kaya. Kafin azahar igiya ta cika daga wannan bango zuwa wancan, mutum ɗaya yana ta murmushi yana ɗigar da ruwa, Kawu yana tsaye da sanda yana korar akuya. Ɗaya ta yage daidai hanci. Muka dubi juna. Kawu ya ninke ta a hankali ya tura a aljihu, ya ce shi bai ga komai ba, ya kuma ce mini "ɗana".

Ruwan baho ya yi baƙi wuluk. Mata suka fara shigowa da kofuna, don labari ya zaga cewa ana rabon rubutun sauka guda. Ana ta raha, ni ma har na saki jiki, na ga zan cika wasiyya in kuma kwana a gida.

Da aka zo ƙasan curin Mma ta ɗago wata takarda, rubutunta ƙanana ne, ba irin na sauran ba, kuma bai gama narkewa ba. Liman ya ce ta tsaya, wannan ba aya ba ce, shafin ƙarshe ne inda marubuci yake sa sunansa da addu'arsa. Ya sunkuya yana karantawa yana fassara mana. Baba ya roƙa wa iyayensa gafara, ya roƙa wa malaminsa, sannan ya rubuta, "Kuma ina roƙon Allah, in ya ba ni ɗa, ya sa shi ya..."

Liman ya tsaya. Ya karkata takardar wajen rana, ruwan ya gangara da sauran layin ta gefen yatsansa ya koma baho.

"Ya sa shi ya me, Malam?"

"Rubutun ya tafi," in ji shi.

Shekara da shekaru akwatin nan yana saman kabad, ina wucewa ta gabansa da jarida a hammata, ban taɓa cewa Baba ya karanta mini ko layi ɗaya ba. Na tsaya riƙe da takardar, fara fat, sai na ji kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Mma ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ɗebo ruwan daga daidai inda layin ya zuba, ta miƙo mini kofin, ta ce, "Yana ciki. Shanye."