Shafi'u Mai Faifan Wasa

Shafi'u matsoraci ne, kuma da bakinsa yake faɗa. Ƙanin marigayi mijina ne. Tun da ya zo Landan yake tsoron karnuka, da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake kira tube, da duk ambulan ɗin da ya ga tambarin council, wato ƙaramar hukuma, a jikinsa. In an yi masa dariya sai ya ce, "Ku yi ta yi. Jarumai suna maƙabarta."

Yana da ɗan shago a Tottenham, kusa da inda nake ɗinki. Tsofaffin faya-fayan wasan bidiyo yake saya yana sayarwa. Wanda ya gama wasa ya kawo faifansa, ya ɗan yi ciko, ya tafi da wani. Da wannan ya ciyar da matarsa Fulera da 'ya'ya uku.

Manyan kamfanonin da ke ƙera na'urorin wasan kullum cikin gasa suke, kuma Shafi'u ya daɗe yana cin moriyarta. Wannan ya fito da sabuwa, wancan ya rama, mutane su yi ta kawo tsofaffin kaya. Sai gasar ta juya. Ɗaya ya fitar da na'ura mai rahusa wadda ba ta da wurin saka faifai, komai sai an yi download daga intanet. Ɗayan ma ya yi tasa, har da tsarin biyan kuɗin wata.

Shafi'u ya shigo shagona da waya a hannu.

"Yaya, sun toshe ramin."

"Wane rami?"

"Na faifai! In babu faifai, me zan sayar? Katako?"

Na ce ya zauna ya sha ruwa. Na ɗauka irin tsoron da ya saba ne.

Ba shi ba ne. Ana saura kwanaki a fara azumi, Hajiya Teema ta zo masa da sabuwar na'urar da ta sayo wa 'ya'yanta, wai ta lalace, sun rasa inda ake zura faifan. Ina tsaye ya juya ta gaba da baya. Sumul take kamar sabulu.

"Hajiya, lafiyarta lau. Haka aka yi ta."

"To ai ita ce mai sauƙin kuɗi, Malam Shafi'u. Mu duka ita za mu saya da Sallah."

Bayan ta fita ya zame ya zauna a ƙasa. A nan Landan kayan Sallar yaranmu ya koma na'urar wasa, kuma abin da Hajiya Teema ta saya shi sauran mata ke saya. Ya daina cin abinci sosai. Fulera ta ce min ko ƙofar shago aka turo sai ya zabura. Ni ma na tsorata, don mai shekara hamsin da biyar ba ya samun sabon aiki a garin nan.

A shan ruwan da 'yan ƙungiyarmu ta Hausawan Landan suke yi tare ranar Asabar, ana ba da dama a yi sanarwar aure ko rasuwa. Shafi'u, wanda bai taɓa magana a gaban mutum biyar ba, ya miƙe ya karɓi makirfo. 

"Iyayena, yayyena, tsoro nake ji, kun san ni. Ban ce ku bi wannan kamfani ko wancan ba. Amma don Allah, in za ku saya wa yara, ku duba jikinta tukuna. Ku sayi mai cin faifai."