Shinkafar Kirsimeti a tashar Mararaba

Shekarun baya, lokacin ina karatun aikin gona a Shabu, ni aka sani da neman araha. In dai akwai hanyar da za a je wuri ba tare da aljihu ya ji jiki ba, sai na gano ta, kuma sai na ishi kowa da labarinta. A haka na lura da wani abu a tashar Lafia. Duk ƙarshen shekara motoci na zuwa daga Abuja maƙil da masu dawowa gida Kirsimeti, amma in za su koma, kusan wayam suke tafiya. Direba ya gwammace ya karɓi duk abin da ka miƙa masa da ya koma kujeru babu kowa. Na ce shi ke nan, bana sai na ga Abuja da idona.

Na kai wa abokina maganar. Shi ɗan ƙabilar Tibi ne, amma a Shabu aka haife shi, Hausarsa ma wani lokaci ta fi tawa gudu. Mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare, sai mahaifiyarsa ta bar ƙannensa wurin gwaggonsu ta tafi Abuja aikatau a gidan wasu masu hali. Da abin da take aikowa yake karatu. Tun da ta tafi ba ta ƙara yin Kirsimeti a gida ba, don lokacin ne gidan da take aiki ke cika da baƙi. Sai dai waya.

Ina ta zuba masa tsari, inda za mu kwana, abin da za mu ci, wuraren da ido ke kallo kyauta, shi kuwa yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Kai ka je kallon gini. Ni Mama zan je gani. Bana tare za mu yi Kirsimeti, ko a bakin geti ne."

Na ce to mu kira ta mana. Ya ce a'a. In ta ji za ta hana, za ta ce hanya, za ta ce ɓarnar kuɗi. Gara kawai ta gan shi tsaye.

Ana gobe Kirsimeti muka kama hanya. Guzurinmu garin kwaki da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar doya, sai wasu manyan doya da ya haƙo daga gonarsu zai kai mata. Wani ɗan unguwarmu mai sayar da takalma a Mararaba ya yarda mu sauka a ɗakinsa. Motar kuwa yadda na faɗa haka ta kasance, mu biyu a kujerar baya, har da miƙe ƙafa. Tun daga Akwanga har Keffi motocin da ke zuwa ta ɗaya hannun cike suke, kaya har saman rufi, ni kuma ina nuna su ina yi musu dariya, ina jin duk jihar Nasarawa babu mai wayona.

Da muka isa Mararaba, ko a ɗakin ba mu tsaya ba, muka nufi unguwar da mahaifiyarsa take aiki. Da tambaya muka gane gidan. Abokina ya gyara riga, ya sauke buhun doyar, ya ƙwanƙwasa. Maigadi ya leƙo, wani dattijo mai furfura a gemu. Da ya ji wadda muke nema sai ya tsaya yana kallon abokina.

"Kai ne ɗan nata mai karatu?"

"Ni ne, Baba."

Dattijon ya riƙe baki. "Ikon Allah. Ai da asuba ta tafi gida. Bana masu gidan sun yi tafiya, aka ba ta hutu. Ta ce kada kowa ya faɗa maka, so take ka gan ta kwatsam."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun doyar ba. Ashe a cikin motocin nan da nake yi wa dariya, akwai wadda take ciki.

Abokina ya kira Mama a waya. Ina jin muryarta daga inda nake. Ta isa Shabu, ta tarar ba ya nan, gwaggonsu ta ce ya tafi yawo da abokinsa. Ba ta yi faɗa ba. Sai dai ta ce hutun gajere ne, washegarin Kirsimeti kafin azahar dole ta koma bakin aiki, masu gidan za su dawo.

Muka bar wa dattijon doyar, muka ruga tasha. A nan na ga ɗaya fuskar arahar tawa. Duk wanda ke Abuja gida yake son zuwa. Mota na tsayawa za a yi mata caa, wasu ta taga suke jefa jaka don kama kujera. Kuɗin mota kuwa ya hau inda ko mun haɗa duk abin da ke jikinmu ba zai kai mutum ɗaya Lafia ba, don ni a lissafina sai bayan biki za mu koma. Na roƙi wani direba, ya dube ni ya ce, "Abeg samari, ku matsa. Yau ko ƙanina sai ya biya." Da safiyar Kirsimeti muka sake komawa, motocin 'yan kaɗan, waɗanda suka kwana a tasha sun riga mu.

Abokina ya ce zai sayar da wayarsa ya hau. Ya kira Mama ya faɗa mata, ta ce kul. Da irin Hausarta ta ce, "Ka zauna. Gobe ni ina zuwa, ka jira ni Mararaba. Tunda kun je, ku je ku kalli gari, ka ɗauki hoto."

Haka muka yi yawon buɗe idon da na daɗe ina tsarawa. Na raka shi babbar coci, na jira shi a inuwa har aka tashi, shi ma ya jira ni na yi azahar a babban masallaci. Muka hango dutsen Aso, muka taka da ƙafa har tafin ƙafa ya yi zafi, muka zauna a bakin tafkin Jabi muka jiƙa garinmu, iyalai na ta wucewa da yara cikin sababbin kaya. Garin ya yi kyau, ba zan ce bai yi ba. Amma ban taɓa yin yawo mai nauyi irin wannan ba. Abokina yana ɗaukar hoton duk abin da muka gani, kamar yadda Mama ta ce.

Washegari muka tsaya a tashar Mararaba tun da safe. Da hantsi Mama ta sauko daga mota, 'yar siririyar mace, rungume da kula a cikin zane. Abokina, wanda ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ya durƙusa a ƙasa ya riƙe ƙafafunta. Na juya na ba su baya.

Wata mai shayi ta ara mana benci. Mama ta kwance zanen. Shinkafar Kirsimeti ce da kaza, rabonsa da ta ware tun jiya, ta tashi da asuba ta ɗumama. Ta zuba min nawa a murfin kular ta ce, "Ɗana, ci, naman wurin Bahaushe na saya." Na karɓa da hannu biyu.

Yana ci yana nuna mata hotunan. Da aka zo kan na tafkin ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido.

"Wannan ruwa a ina ne?"

"A nan Abuja ne, Mama. Ba nisa da gidan da kike aiki."

Ta girgiza kai. "Ban taɓa gani ba. Ni kasuwa na sani, sai geti."

Ta duba rana, na gane lokacinta ya yi. Abokina ma ya gane, ya fara sauri don kada ya sa ta makara. Sai ta dafa hannunsa.

"Ci a hankali. Sai ka gama zan tafi."

Ban taɓa ganin ƙato ya ci abinci a hankali irin na ranar ba. Ƙwaya-ƙwaya yake ɗauka, hawaye na sauka a cokalin, ita kuma ta zuba masa ido tana cire masa ƙashi daga naman. Duk da haka shinkafar ta ƙare. Ta ɗaure kularta, ta yi mana addu'a mu duka, ta hau motar cikin gari.

Yanzu komai ya wuce. Abokina ya gama karatu, yana noman doya da kiwon kaji wajen Doma, ya kuma dawo da Mama gida tuntuni. In mun haɗu har tsokanata take yi, wai ina mai tsara tafiya. Mukan yi dariya, amma ni dai abin bai taɓa zama abin dariya a zuciyata ba. Na je Abuja sau da yawa bayan nan, na shiga wuraren da a da sai dai mu leƙa daga waje, babu wanda ya zauna min a rai kamar bencin nan.

Ni mahaifiyata tana nan Lafia, a gidan da na tashi, kullum na so ganinta zan gan ta. A da in ta zuba min tuwo, a tsaye nake ci, waya a hannu, ina sauri zan fita. Tun daga wannan tafiyar, in ta ajiye min kwano ta zauna kusa da ni, nakan nemi wuri in zauna, kuma ba na sauri.