Sunan da Ya Kai Aji Shida

A ofishin hukumar ilimi ta gunduma, ɗaki na ƙarshe kafin matakala, akwai wata mata da kowa ke kira Mai Jan Biro. Shekara ashirin da shida tana riƙe da babbar rajistar ɗaliban firamare goma sha tara. Yaro in ya shiga, ta rubuta shi da baƙi. In ya fita, ta ɗora rula ta ja masa layi ɗaya da ja, ta rubuta dalili a gefe: ya sauya makaranta, ya daina zuwa, ya rasu. Shugabanni biyar suka zo suka wuce, aka kawo kwamfuta har sau biyu, amma duk ranar da adadin yara ya rikice a zaman hukuma, littafinta ake aikowa a ɗauka.

Tsohon masinjan ofis yakan tsokane ta. "Yaya, ranar da na mutu, don Allah ki ja mini nawa layin a miƙe."

"Kai da ba ka taɓa zuwa da wuri ba?" take cewa. "Ai sai biron ya bushe ina jiranka."

Autar Mai Jan Biro ta rasu tana aji uku. Ranar Talata ta dawo daga makaranta tana cewa kanta na ciwo, ranar Juma'a aka binne ta. Bayan sati biyu hedimastan makarantar ya kawo takardar cire suna da hannunsa, bai aiko kowa ba. Ta karɓa, ta gode, ta sa a aljihun tebur na ƙasa, ta ce gobe.

Ƙarshen shekara ya zo, tana kwafe sunayen 'yan aji uku zuwa shafin aji huɗu. Da ta iso lamba goma sha bakwai, hannunta ya rubuta sunan 'yarta kafin ta yi shawara da zuciyarta. Haka aka yi a shekara ta biyu, haka a ta uku. Yarinyar ta ci gaba da girma a cikin littafi. Duk farkon zango uwar takan tsaya gaban mai takalma na bakin titi, ta duba lamba ɗaya sama da ta bara, ta wuce ba ta saya ba.

Hukumar tana da doka. Ƙaramar sakandaren da ke jikin firamaren da yarinyar ta yi tana ɗaukar yara arba'in, bisa jerin lambar shiga. Wanda ya rage sai ya tafi sakandaren bayan layin dogo, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. A bana rajista ta nuna arba'in da ɗaya a aji shida.

Ranar Litinin wata tela ta shigo ɗakin, tef ɗin awo rataye a wuyanta, guntun zare manne a hannun rigarta.

"Anti, ni ban yi karatu ba, amma na iya awo. An ce 'yata ce ta arba'in da ɗaya, wai sai bayan layin dogo. Yarinyar nan ta ƙirga 'yan ajinsu daga gaba, ta ƙirga daga baya, ta ce su arba'in ne cif har da ita. To wa ya zaune mata a gurbi? Aljani?"

Ta yi dariya. Da ta ga ita kaɗai take yi, sai ta rage murya.

"Ko 'yar wani babba aka cusa mana? Faɗa mini gaskiya in haƙura. Yarinya ce mai ciwon ƙirji, Anti. Mota huɗu a rana ba za ta kai wata biyu ba, gida za ta zauna."

"Ranar Alhamis hukuma ke sa hannu," in ji Mai Jan Biro. "Ki ba ni zuwa Laraba."

Washegari ta je makarantar, karo na farko cikin shekara uku. Ta tsaya a tagar aji shida ta ƙirga, ko da yake ta san abin da za ta samu. 'Yan matan sun yi tsawo, wasu har ba ta gane su ba. Hedimasta ya zo ya tsaya gefenta, hannuwansa a baya.

"Yaya, da laifina a ciki. Kowace shekara jerin yakan dawo mini da sunan, ina gani. Ni nake kiran sunan ajin nan da safe, ban bar wa kowa ba. In na zo sha bakwai sai in ɗan tsaya, in wuce. Yaran sun saba. Ko masu surutu sukan yi tsit a wurin."

"Sun san dalili, Malam?"

"Na dā sun sani. Sababbin sun tarar ana yi ne."

Ta koma ofis, ta jawo aljihun ƙasa. Takardar ta yi rawaya a bakin ninki. Ta buɗe shafin aji shida, ta daidaita rula a kan layi na goma sha bakwai, ta ja. Layin ya fita a miƙe kamar sauran. A gefe ta rubuta: ta rasu. Gurbin kwanan wata ne ya fi ɗaukar ta lokaci. Ta rubuta ainihin ranar, ta shekara uku da suka wuce, yadda duk wanda ya buɗe littafin zai ga jinkirin. A ƙasa ta ƙara: kuskuren nawa ne, ta sa hannu.

Sannan ta sake kwafe jerin, 'yar tela a lamba arba'in, ta miƙa wa masinja ya kai wa sakataren hukuma. Masinjan ya dubi shafin da ke buɗe, ya dube ta, ya karɓa da hannu biyu, ya fita.

Da aka tashi aiki ta bi ta gaban mai takalma, ƙafarta ta tsaya yadda ta saba. Ya ce, "Anti, yau dai za a saya? Wace lamba?"

Ta dubi jerin takalman, ƙanana da manya. Ta rasa wadda za ta ce.