Wietske, wadda ba ta tsallake ƙofa ta huɗu

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Wietske Hoekstra take jingine kekenta a bayan asibitinmu na nan Groningen, ko ana ruwa ko ana iska, burodinta da cuku a jaka. Shekara talatin da huɗu ke nan tana ɗaukar hoton zuciya. Ba likita ba ce, sunanta ba ya jikin ƙofar kowane ofis. Ita ce dai mai shafa maka man nan mai sanyi a ƙirji ta ce, "Juya hagu, riƙe numfashi." Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta tafi shiru ba.

Zuciya ƙofa huɗu gare ta. Uku 'yan gata ne, kowa su yake dubawa. Ta huɗun, mai sakin jini zuwa huhu, ga wuyar gani, kuma da ƙyar ƙwayar cuta take kama ta. Minti ashirin ake ba kowane mara lafiya, mu kuma mutanen nan gara mu mutu da mu makara, shi ya sa da yawa leƙe ɗaya suke mata su wuce. Wietske sai ta ƙirga da baki har huɗu, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Huɗu.

Bara ƙanena Sjoerd, kafinta ne, ya yi wata biyu da zazzaɓi da tari. Likitan unguwa ya yi masa irin tamu: sha farasitamol, ka dawo bayan sati biyu. Sau uku ana cewa ciwon huhu ne, yana ta ramewa kamar kara. Da aka tura shi hoton zuciya ni na raka shi, kuma a gabana wani likita, Bram, ya leƙo.

"Wietske, mutum uku na jira. Zuciyar nan ƙalau take, sallame shi mana."

"Ƙofa nawa ka gani?"

"Haba Uwar Huɗu! Shekarata shida a nan ban taɓa ganin waccan ta kamu ba."

"Ni sau ɗaya na gani, kuma sai bayan mai ita ya mutu. Je ka sha kofinka."

Ta juyo kan Sjoerd. "Wannan tabon na ƙirji fa?"

"Tun ina jariri ne. Wai wata ƙofa ce ta yi ƙunci aka buɗa."

"Kana allurar ƙwaya? Faɗi gaskiya, ni ba 'yar sanda ba ce."

"Ni da nake suma in na ga allura?"

"An taɓa bar maka robar ƙarin ruwa a jijiya ta daɗe? A'a? Haƙori fa?"

Na ce, "Gaya mata mana, jarumi! Da filaya ya cire abinsa a shago, don tsoron likita."

Ba ta yi dariya ba. Ta cusa na'urar hoton tsakanin haƙarƙarinsa har ya yi ƙara, ta yi minti arba'in tana nema, masu jira suna ta duba agogo. Sai ga shi: wani ƙullutu kamar ƙwayar wake, yana lilo a bakin ƙofa ta huɗun, wadda aka taɓa gyarawa. Ƙwayar cuta ce ta bi ramin haƙori ta zauna can, tana ɓalle gutsattsari zuwa huhu. Sati shida ya yi ana ɗura masa magani, sannan aka sauya ƙofar. Likitan tiyata ya ce mini da an ƙara sati biyun nan namu, da sai dai labari.

Ke ce, Wietske, kika yarda a kira ki mai nawa, kika sha gori shekara da shekaru saboda ƙofar da kusan kullum lafiyarta lau. Da na je yi miki godiya cewa kika yi, "Aikina ne. Ki kai shi likitan haƙori." Na kai shi, da ja da ƙyar. Amma godiyar ba ki tsere mata ba, ga ta a bainar jama'a: mun gode, mun gode.

Ku kuma da za ku gaje kujerarta, an ce mini har Bram ya koyi ƙirga da baki, to ku bi sahu. Wanda ya tsaya a uku ba mai kama shi da laifi a takarda. Amma da irinsa muka tarar ran nan, da yanzu furanni nake kaiwa kabarin ƙanena.