Ruwan da Muke Wanke wa Jarirai Allo

Da sunan Allah, wanda ya saukar da ruwa ya raya ƙasa da shi.

Mahaifinmu ne ya haƙa rijiyar da ke gefen masallacin unguwarmu, tun kafin a jawo ruwan dam a ratsa gonakin Kura da Bunkure da shi. A lokacin tsakanin rijiyar da gona mafi kusa akwai fili mai faɗi inda shanu ke kwanciya. Da noman rani ya kankama sai filin ya riƙa raguwa, har shinkafa da tumatir da albasa suka zo daf da katangar masallaci. Mun yi murna da hakan, domin gidaje da yawa da albarkacinsa suka samu rufin kwano.

Mahaifinmu malami ne, mutane kuma sun ɗauka rijiyarsa tana da albarka. Saboda haka duk gidan da aka haihu, wata tsohuwa za ta ɗauko ƙwarya ta ɗebi ruwan rijiyar, ta kawo zaurenmu, a yi rubutu a allo a wanke da shi a ɗiga wa jariri a baki. Uwar kuma ba za ta ba shi wani ruwa ba sai wannan har ya fara zama. Ko matan da suka yi aure nesa sukan aiko da galan. Da Allah ya karɓi ran mahaifinmu sai rubutun ya dawo hannuna, kula da rijiyar kuwa ya koma hannun yayana. Shi yake yashe ta, shi yake canza igiyar guga, kuma ba ya yarda yaro ya tsaya a bakinta da takalmi.

'Yata ta biyu ta karanta ilimin sinadarai a jami'a. Da ta gama, ita da wasu abokan karatunta suka kama shago a Kura suka buɗe ɗan kamfani na gwajin ruwa da ƙasa da amfanin gona, don gano abin da ya gurɓata su. Kayan aikinsu ba su cika ido ba: 'yan kwalabe, da wasu siraran takardu da ke canza launi idan an tsoma su, da wata na'ura da ba ta fi rediyo girma ba. Amma yarinyar ta san cewa ita da abokanta duk yara ne, don haka ta nemi manya su riƙa zama da su suna ba su shawara. Ta samo wani farfesa da ya ajiye aiki, yana zaune a Dawakin Kudu, ya yi rayuwarsa yana koyar da sha'anin ruwa. Ta samo wani alhaji mai injin casar shinkafa, wanda ya san kasuwa ciki da baya. Sannan ta zo ta durƙusa a zaurena ta ce tana so in zama na ukunsu.

Na ce mata ni da boko ko sunana ba na iya rubutawa sosai, ajami na sani, me zan tsinana musu? Ta ce, "Baba, Farfesa ya san ruwa, Alhaji ya san kasuwa. Kai ka san yadda mutanenmu suke jin magana."

A ofishin Alhaji muke haɗuwa, ƙarar inji tana sa kowa ya ɗaga murya, ƙaiƙayi yana shigowa ta taga yana sauka a hulunanmu. Shi da Farfesa ba sa rabuwa da tsokanar juna. Duk abin da aka kawo, Farfesa zai ce a sake gwadawa, har Alhaji ya ce ranar da aka kawo masa tuwo ma sai ya aika da shi ɗakin bincike kafin ya ci. Farfesa kuma yakan ce Alhaji ko gaisuwa aka yi masa sai ya tambayi wa zai saya. Ni nakan yi dariya in ja carbina. Watanni na farko ban ce komai mai amfani ba, sai dai addu'ar buɗe zama da ta rufewa.

Wata rana da hantsi 'yata ta zo gida da akwatin kayan gwajinta, ta ce suna zagaya rijiyoyin ƙauyuka suna gwadawa, tana neman izini ta haɗa da ta kakanta. Na ce ta gwada mana, ina jin daɗi a raina, don na tabbata ita ce za ta fi kowace kyau. Ta ja guga ta zuba a kwalba ta tsoma takardar. Ina kallo farar takarda ta yi ja kamar an ɗiga mata zoɓo. Ta sake da wata, haka. Ta rufe akwatin a hankali, ta tambaye ni ko zan iya zuwa Kura gobe.

A zaman nan Farfesa ya yi mini bayani dalla-dalla, bai gaji da tambayoyina ba. Ya ce takin zamani da ake zubawa a gona ba duka shuka take sha ba. Ragowar tana bin ruwan ban-ruwa ta nutse, ta shiga rijiyoyin da ba su da zurfi. Ba ta da launi, ba ta da wari, harshe ba ya jin ta. Tafasa ruwan ba ya fitar da ita, sai ma ya ƙara mata ƙarfi don ruwan ya ragu. Babban mutum jikinsa yana iya ɗauka, wanka da wanki kuma ba matsala. Wanda take yi wa illa shi ne jariri ɗan 'yan watanni, domin takan hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata.

Da ya ce jariri sai na ji hannuna ya tsaya a kan carbi. Na gaya musu al'adarmu ta ƙwarya da allo, wadda su biyun ba su sani ba.

Farfesa ya ce a kai ruwan babban ɗakin bincike a tabbatar, kuma kada a faɗi ko kalma ɗaya fiye da abin da aka auna, amma kafin sakamako ya dawo a dakatar da ba jarirai. Alhaji ya ce kada a hana mutane ruwa ba a nuna musu wani ba, a fara gwada burtsatse mai zurfi da ke bayan makarantar firamare, in yana da kyau a ce ga inda za a je. Na zaci zai ce a ɓoye maganar don kada kamfani ya yi baƙin jini tun yana ƙarami. Sai ya juya ya dubi 'yata ya ce, "Yarinya, da rijiyar wani ce da an ce an biya ki ki ɓata masa. Wannan ta kakanki ce. In kika faɗi gaskiya a kanta, duk abin da kika faɗa nan gaba za a saurare ki. In kika rufe, ni dai kada ki sake kirana zama." Sannan duk suka juyo suka dube ni.

Burtsatsen ya fita lafiya, babban ɗakin bincike kuma ya tabbatar da abin da takardar ta nuna. Na ɗauki 'yata muka je wurin yayana, muka same shi a bakin rijiyar bayan la'asar. Ya saurara har ta gama. Sai ya ja guga da kansa ya miƙo mini, ya ce in duba, in shinshina, in ɗanɗana. Na yi. Ya ce tun muna yara a zauren mahaifinmu aka karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canza ba, to wanne ne ya canza a cikin ukun? Na ce babu.

"To ruwan da ya isa mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa da shi," in ji shi, "shi ne 'yarka take cewa bai isa cikin jariri ba?"

Sannan ya dube ta ya ce ta faɗa masa sunan jariri ɗaya da ruwan ya kashe. Na san a ranta tana iya tuno gidajen da aka yi rashi, kamar yadda ni ma nake iya tunowa, kuma da ta ambaci ɗaya da maganar ta ƙare a nan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, ban san ko ɗaya ba, kuma ba zan ɗora wa rijiyar Kaka abin da ban gani ba. Abin da na auna kawai na sani. Ya wuce abin da jariri zai iya ɗauka."

A wannan lokaci, duk da nauyin da ke zuciyata, na ji alfahari da ita irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da ta kawo takardar gama karatunta. Yayana ya ce da ita boko ya sa ta raina kakanta, ni kuma ya ce na bar yara suna ja na da hanci, ya naɗe igiyarsa ya shige masallaci.

Maganarsa ta zauna mini, domin ba maganar jahili ba ce, karatu ne da ni ma nake karantarwa. Kwanaki ina juya ta, ina tafe a bakin kanal, hanyar da ruwan dam ke bi, ina kallon masu ban-ruwa suna buɗe kunya suna toshewa. Ga shi kuma matar ɗan yayan nawa cikinta ya tsufa, kowa ya san ƙwarya ta gaba daga gidansa za ta fito. Na koma wurin Farfesa na tambaye shi ko ɗan abin da ake ɗigawa a ranar farko zai yi illa. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ɗigo ɗaya ba shi ne abin tsoro ba, abin tsoro shi ne watannin da ke biyo baya. Alhaji ya ce amma in malam ya wanke allo da shi, wace uwa ce za ta yarda ruwan yana da aibi? Na ga gaskiyarsu su biyun.

Ranar da aka haihu, da sanyin safiya matar yayana ta shigo zaure da ƙwarya a rufe da faifai. Na yi mata barka, na yi wa jariri addu'a, na ce ta ajiye ta kira mini Yaya. Ya zo fuskarsa a ɗaure, maƙwabta da suka zo barka suna biye da shi, zauren ya cika.

Na ce masa, "Yaya, ka tuna da Malam ya karantar da mu hukuncin ruwan teku?" Ya ce ya tuna, mai tsarki ne, ana alwala da shi. Na ce a lokacin ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu, sai da muka je aikin hajji tare muka tsaya a bakinsa, shi da kansa ya ɗebo ya kai baki ya tofar. Wasu suka yi dariya, don ya sha ba su labarin. Na ce to wannan ruwa alwalarsa ta inganta, sallarsa ta inganta, amma akwai wanda zai ɗiga wa jikansa shi? Karatun da aka yi mana amsar mai tambayar ibada ne, ba a taɓa cewa duk ruwan da ya halatta ga alwala ya dace da cikin jariri ba. Rijiyar Malam tana nan da tsarkinta, kuma duk wanda ya yi alwala da ita ladan yana isa gare shi in Allah ya yarda. Amma ni ba zan wanke wa yaron nan allo da ita ba, kuma ba zan sake yi wa kowane yaro ba.

Wani dattijo daga bayan zaure ya ce ai Malam da kansa, da yana raye, ko kaza ce ta leƙa rijiyar sai ya sa a kwashe ruwan, ba mutum ne mai wasa da cikin mutane ba. Yayana bai ce na yi gaskiya ba, kuma har yau bai ce ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya fita ya juye ruwan a gindin bishiyar darbejiyar masallaci. Muka gan shi ya bi hanyar makaranta da ƙwaryar a hannu, dattijo mai furfura, ya shiga layin mata da yara a bakin burtsatse, suka matsa masa ya ƙi, sai da layi ya zo kansa. Ya dawo ya ajiye ta a gabana ya ce, "Rubuta."

Na rubuta, na wanke, aka kai wa jariri. Matan da ke tsakar gida duk sun gani, kuma kafin sati ya zagayo masu goyo sun koma burtsatse ba tare da an yi shela ba.

Da na ba da labarin a zamanmu na gaba, Farfesa ya ce a ci gaba da gwada rijiyar duk lokacin da aka ɗauke ruwan kanal da lokacin da aka sako shi, a kuma fara zama da manoman da ke kusa da ita a kan yawan takin da suke zubawa. Alhaji ya ce masu unguwanni biyu sun riga sun aiko masa suna so a zo a duba nasu rijiyoyin, ya tambayi 'yata ko takardun gwajinta za su isa, ta ce za su isa. Aka ce in rufe da addu'a, na rufe. Da muka fito ta karɓi jakata ta riƙe mini har bakin titi, ta tsayar mini da mai babur, ta ce masa ya tafi da ni a hankali.