Fim ɗin da Ya Ƙwace Mini Jikoki

Muna yara a gidanmu na Hashimi, in an idar da sallar isha'i, kakata Iya Dudu takan jawo kujerarta kusa da murhu, mu kewaye ta. Ba ta taɓa kai labari ƙarshe a kyauta ba. Akwai na yarinyar da aljanu suka kulle a kogon dutse, kowace ƙofa sai ta amsa tambaya kafin ta buɗe. Da an zo ƙofa, Iya sai ta yi gum.

"To, ku fito da ita mana. In kun yi barci, a can za ta kwana."

Haka za mu yi ta ihu har wani ya dace. A wurinta na gaji baki. Ban shiga aji ba, amma yaran unguwa sun san tabarmata.

Sai ɗana mai aiki a Abuja ya sa wa jikokina wani fim a waya, tabarma ta zama wayam. Da abin ya ishe ni, na leƙa ta bayansu. Wai mutane ne a jirgi mai zuwa wata duniya, wani inji yana yi musu tambaya, in sun kuskure ya rage musu iska. Jirgin kwanon rufi ne aka shafa wa fenti. Injin kuwa, wallahi kan fanka ne, na gane shi. Amma ga Hafsa, babbar jikata, ta ƙura wa fim ɗin ido, ƙannenta suna ƙwala wa waya amsa, abin da ko jin su ba ya yi. Abin haushi, ni ma sai da na riƙe numfashi.

Fim ɗin ya ƙare bai faɗi wanda ya kulle su a jirgin ba.

"Kaka, wai wa ya sa su a ciki?" in ji Hafsa.

"Ku tambayi fankarku."

"Haba Kaka, don Allah!"

Na gyara zama, na ƙulla musu cewa wani tsoho mai shiru da aka nuna a jirgin shi ya ƙera injin, yana neman wanda zai gaje shi. Suka matso kan tabarma. Na ce a raina, sun dawo.

Washegari na ji Hafsa a bakin rijiya tana ce wa ƙawayenta, "Ku nemi fim ɗin nan, ƙarshensa ya haɗu!" Ƙarshena take ba su tiryan-tiryan, ko sunana babu.

A da na ɗauka ni ake zuwa ji. Ashe yaro abin da aka ɓoye masa yake bi, ko wa ya ɓoye. Na gane. Amma har yau in aka sa wayar nan caji a ɗakina, kife ta nake yi.